Ikarus a kan kangon masana'anta: wane irin zane ya kamata ka saya?

A ce ka ga wani zane ya tsaya maka a rai. Ikarus ne, yaron nan na tatsuniyar Girkawa da ubansa ya haɗa masa fikafikai da gashin tsuntsu da kakin zuma, yana faɗowa daga sama. Amma ba teku ke jiransa a ƙasa ba, rufin wata masana'anta ce da aka daɗe da rufewa, tagogi a farfashe, bango duk rubutun fentin feshi. Ka tambaya, sai aka ce maka irin wannan aikin ana samunsa ta hanya huɗu: asalin zane na fentin mai, asalin zane na akirilik (wani fenti mai saurin bushewa) da aka haɗa da feshi da tarkace, bugu a takarda mai ƙayyadadden adadi, ko kuma ka ɗauki mai zane jinga ya yi maka a jikin bango. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, tsawon ransu ma haka.

Salon nan na haɗa tsohuwar tatsuniya da kango ba jiya ya fara ba. Piranesi, mai zanen Italiya wanda ya rasu a 1778, ya ƙare rayuwarsa yana zana kufan birnin Rum, ciyawa na fitowa daga tsagar duwatsu. A 1796 Hubert Robert ya zana babban zauren gidan tarihin Louvre na Faris a rushe, alhali ginin na tsaye lafiya lau. Cy Twombly ya ɗauki labarin yaƙin Taroi na tatsuniyar Girkawa ya yi zane goma a 1978 da zane-zanen layi masu kama da rubutun bango, suna Filadelfiya a yau. Daga 1988 Ernest Pignon-Ernest ya riƙa liƙa zanensa na takarda a tsofaffin bangayen Nafoli, ya bar wa ruwa da rana su cinye. Su kuwa PichiAvo, abokai biyu daga Balensiya ta Sifaniya da suka fara aiki tare a 2007, gumakan Girka da Rum suke zanawa ruwan toka kamar marmara, rubutun feshi mai launi-launi na ratsa jikinsu; a 2017 sun yi wa shahararren bangon Houston Bowery na birnin Niyok irin wannan aiki.

Abin da ya raba wannan salon da sauran, ga mai saye, shi ne jigonsa lalacewa ne. Mai zanen da ke son nuna tsatsa sau da yawa yakan ga ya fi sauƙi ya sa tsatsar gaske. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kowane aiki ita ce: lalacewar nan zana ta aka yi, ko kuwa faruwa take yi a jikin abin da zan biya kuɗi in kai gida?

Ma'aunan da za mu bi

Kuɗi, kuma ba wanda aka rubuta a jiki kaɗai ba. Akwai firam, dako, inshora da la'ada. Gidajen baje kolin zane galibi rabin kuɗin suke ɗauka, manyan gidajen gwanjo kuma sukan ɗora wa mai saye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko fiye, a kan farashin da aka buga guduma.

Ƙarko: shekara nawa zai yi kafin launi ya koɗe ko fenti ya tsattsage, kuma in ya samu matsala, yana gyaruwa?

Sauƙi: ratayewa, sharewa, da ɗauka ranar da za ka sauya gida.

Kasada: jabu, faɗuwar daraja, rikici da mai zane ko mai gida, da kuma gajiya da abin bayan shekara biyu.

Asalin zane na fentin mai

Shi ne mafi tsada a hannun mai zane ɗaya, in girman ya zo daidai, kuma dalilin lokaci ne. Fentin mai ba bushewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali har ya daskare. Kowane shafi sai an jira shi kwanaki, kuma bisa al'adar sana'ar sai an yi wata 6 zuwa 12 kafin a shafa man kariya na ƙarshe. Amma wannan jinkirin shi ke ba da abin da ake nema: shafi siriri a kan shafi siriri, har kafaɗar gunki ta fito kamar haske na shiga cikin dutsen. Ba wani fenti da ke kwaikwayon marmara kamarsa. Iyakar tsadarsa kuwa babu ita. Wani zanen Twombly na 1962 a kan labarin Leda ta tatsuniyar Girkawa an sayar da shi kusan dala miliyan 53 a gwanjon Christie's a 2017. Ba wannan kasuwar muke magana ba, amma ita ke ja wa na ƙasa farashi.

Wajen ƙarko yana da shaida. Zanen Jan van Eyck na 1434 da ke Landan har yanzu launinsa na nan daram. Masu gyaran zane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna hulɗa da fentin mai, sun san yadda ake cire tsohon man kariya a sa sabo. Sharaɗin shi ne mai zanen ya bi ƙa'ida, wato shafin sama ya fi na ƙasa mai. In ya juya, na sama ya riga na ƙasa daskarewa, sai tsaga ta bayyana nan da 'yan shekaru. Yakan kuma yi ɗorawa-ɗorawa in an ajiye shi a duhu, amma yana washewa in ya dawo haske.

Ba ya buƙatar gilashi, ƙura kuma buroshi mai laushi ya ishe ta. Abokan gabarsa danshi ne da zafi mai hawa da sauka, don ƙyallen da aka yi zanen a kai na miƙewa yana tsukewa, fentin kuma ba ya iya binsa. Gidajen tarihi sukan riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Kasadar da ta fi girma a nan ta aljihu ce: ka zuba kuɗi mai yawa a kan mutum ɗaya wanda ba ka san ko za a ci gaba da neman aikinsa ba.

Akirilik, feshi da tarkace

A nan mafi yawan aikin wannan salon yake, kuma a nan ya kamata ka buɗe ido sosai. Akirilik na bushewa cikin mintuna, feshi ma haka, saboda haka mai zane kan gama babban aiki cikin kwanaki. Shi ya sa farashinsa kan sauko ƙasa da na fentin mai, kodayake sunan mai zanen ya fi kayan aikin tasiri. Kuma gaskiya ita ce, shi ya fi kama ruhin titi. Digon feshi da ya zubo, rubutu a kan rubutu, takardar talla da aka yage rabi, duk waɗannan in an kwaikwaye su da fentin mai sukan fito a tsare fiye da kima, kamar kango da aka share.

Akirilik shi kaɗai ba shi da laifi. Tun shekarun 1950 ake amfani da shi, ba ya saurin tsagewa, ba ya yin ɗorawa kamar mai. Sai dai fuskarsa na yin taushi in ɗaki ya yi zafi, ƙura ta manne ta shige ciki, kuma wanke shi ya fi na mai wuya. In aka naɗe shi da ledar nan mai ƙurajen iska kai tsaye, takan bar masa tambari da ba ya fita. In sanyi ya yi tsanani kuma yakan sandare, a naɗe shi a lokacin ya karye.

Matsalar tana cikin abin da ake haɗa shi da shi. Launukan feshi masu ƙyalli, ruwan hoda da kore da lemo masu ɗaukar ido, su ne suka fi saurin koɗewa a cikin dukan launuka, kuma su ne daidai abin da ya ja hankalinka tun farko. Takardar jarida da ta talla na ɗauke da sinadarin itace da ke sa ta yin ja tana gautsi. Ƙarfe mai tsatsa ba ya daina tsatsa don an rataye shi a falo, yana ci gaba yana ɓata ƙyallen da ke bayansa. Kwalta ba ta taɓa daskarewa gaba ɗaya, tana yamutsewa tana jan fentin da ke kanta. Siminti kuma a kan ƙyalle mai motsi dole ya fashe, wurinsa katako ne. Sannan akwai jerin shafi: mai a kan akirilik yana zama, amma akirilik na ruwa a kan mai ɓarewa yake yi.

Wasu manyan masu zane da gangan suke yin haka. Anselm Kiefer na Jamus, wanda ya gina sunansa a kan tatsuniya da kufai, yana sa dalma da toka da tattaka a jikin zanensa, kuma ya yarda aikin ya riƙa sauyawa. Amma gidajen tarihin da ke riƙe da aikinsa suna da ƙwararru da ake biya albashi don kula da shi. Kai ba ka da su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, illa dai a gaya maka rariya ce kafin ka biya.

Don haka ka nemi mai zanen ya rubuta maka kayan da ya yi amfani da su, shafi bayan shafi. Ka tambayi ko fentinsa na da alamar jure haske ta ASTM I ko II, wadda ake bugawa a jikin kwalin fenti mai kyau, da ko ya rufe aikin da man kariya mai tare hasken rana. Wanda ya san sana'arsa zai amsa nan take, har da jin daɗi. Wanda ya fara kame-kame, ya riga ya ba ka amsa.

Bugu mai ƙayyadadden adadi

Kuɗinsa ɗan ƙaramin kaso ne na asalin zanen, shi ya sa yawancin mutane daga nan suke farawa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda ake kira jikile, kalmar da aka ƙirƙiro a 1991 daga Faransanci, wanda a zahiri babbar na'urar buga hoto ce mai fesa tawada. Akwai kuma bugun rariya, inda ake tura kowane launi daban ta cikin ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, da hannu. Na biyun ya fi tsada, tawadarsa ta fi kauri, kuma ya fi dacewa da ɓangaren rubutun bango. Na farkon ya fi fito da inuwar jikin gunki.

Ƙarkonsa ya dogara da abu biyu da ido ba ya gani a shago. Tawadar garin launi tana daɗewa, tawadar rini tana koɗewa. Takardar auduga marar asid tana zama fara, ta itace tana ja. Ko da an cika duka biyun, takarda ba ta son haske: gidajen tarihi sukan ba ta kusan lukus 50 (lukus ma'aunin ƙarfin haske ne), alhali zanen mai ana ba shi har 200. Dole a sa shi a gilashi, zai fi kyau mai tare hasken rana, kuma a bar tazara kada takardar ta taɓa gilashin, in ba haka ba gumi ya taru fumfuna ta fito. Kada ka yi mamaki in kuɗin firam mai kyau ya kamo kuɗin bugun kansa.

Wajen sauƙi ba shi da na biyu. Ba nauyi, ana aika shi a naɗe cikin kwali, in ka gaji da shi ka sauke ka ajiye a kwance.

Kasadarsa dabaru ne na kasuwa. A ƙasan takardar za ka ga an rubuta da fensir, misali 12/50, wato na 12 cikin 50, da sa hannun mai zane. Amma wasu sukan buga 50 a babba, 100 a matsakaici, 200 a ƙarami, kowanne da nasa lissafin, ga kuma wasu 'yan kaɗan masu alamar AP da mai zanen ke riƙe wa kansa. Tambayi jimillar duka. Duba sa hannun da kyau, na fensir ne ko tare da hoton aka buga shi. Sabuwar matsala kuma ita ce hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa: gunki da fenti a watse a kansa na daga cikin abin da ya fi mata sauƙi, kuma intanet cike yake da su ana sayarwa da sunan zane. Ba a cinikin biri a sama. Nemi hoton asalin aikin da na lokacin da ake yin sa.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Rabin daɗin wannan salon yana cikin karon santsin marmara da kaushin bango. A takarda duka biyun sumul suke. Bugun da mai zanen ya ƙara wa fenti da hannunsa yana rage wannan giɓin, da ɗan ƙarin kuɗi.

Zanen bango na jinga

Asalin gidan wannan salon ke nan, kuma ba abin da ya kai shi cika ido. Ana lissafa kuɗinsa da faɗin bangon ko da kwanakin aiki, ga gyaran filasta da kayan hawa a kanka. In aka auna da faɗi yakan fi zanen ƙyalle araha, amma kuɗin ya tafi ke nan, don ba ka iya ɗauka ba ka iya sayarwa.

Ransa na hannun bangon. In danshi na tasowa daga ƙasa, gishiri zai fito ya ture fentin komai kyansa. A waje, inda rana ke duka, ja da rawaya kan riga sauran tafiya. Fentin ma'adini irin wanda wani Bajamushe mai suna Keim ya yi wa rajista a 1878 yana haɗewa da filastar kanta kuma yana daɗewa ƙwarai, sai dai ba kowane mai zane ya iya shi ba, launukansa kuma ba su da ƙyallin feshi.

A rubuta yarjejeniya kafin a ba da kafin alƙalami: zanen gwaji, wa'adi, wa zai gyara, da ko kana da ikon shafewa. A Amurka, mai ginin 5Pointz na Niyok ya sa an shafe zane-zanen bangonsa da farin fenti cikin dare a 2013, a 2018 kotu ta ce ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar hoton na mai zane ne ko da bangon naka ne. In haya kake, ka sa a yi aikin a kan allunan katako a ɗaure su da kusoshi.

Guntun bangon da aka yanko daga titi ana tallarsa kuwa, kauce masa. Ko Pest Control, ofishin da ke tantance ayyukan Banksy, shahararren mai zanen bangon titi, ba ya ba irin waɗannan takardar shaida.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Fentin mai | Mafi tsada | Ɗaruruwan shekaru in an bi ƙa'ida | Ba gilashi, ɗauka sai da kula | Kuɗi mai yawa kan suna ɗaya |
| Akirilik zalla | Matsakaici zuwa tsada | Mai kyau | Ƙura na mannewa | Koɗewar launi mai ƙyalli |
| Akirilik da tarkace | Matsakaici zuwa tsada | Ba tabbas | Nauyi, wuyar sharewa | Ɓarewa, tsatsa, gyara mai tsada |
| Bugu | Mafi araha, ban da firam | Mai kyau in ba rana | Mafi sauƙi | Adadi na ƙarya, jabu |
| Bango | Ya danganta da faɗi | Gwargwadon bangon | Ba ya ɗaukuwa | Danshi, rikicin haƙƙi |

Abu biyu da ba su shiga jadawali ba

Na farko, gumakan Girka da Rum galibi tsirara ake zana su. Ka yi tunanin ɗakin da za a rataye shi da waɗanda ke shiga. Akwai ayyuka masu ƙarfi a salon da ba su da jikin mutum ko kaɗan: karyayyen ginshiƙi a tashar jirgin ƙasa da aka yi watsi da ita, fikafikai a yashe gefen kwata, dokin katakon Taroi a filin ajiye motoci.

Na biyu, salon ya yi kasuwa har ya zama girki ɗaya: ɗauko hoton gunki, watsa masa launi, sa hannu. Gwajin da nake yi shi ne in cire gunkin a raina in sa wani. In aka ɗauke gunkin Atina aka sa na Afolo kuma ba abin da ya sauya, to ado ne kawai, kuma ado irin wannan saurin gundura gare shi. Amma Sisifus, wanda a tatsuniya aka yanke wa tura dutse har abada, yana tura dutsensa a matakalar benen da aka fara ginawa aka bari, wannan labarin da wurin sun san juna, kuma za ka daɗe kana kallo.

Wa ya dace da me

In wannan ne sayenka na farko, ko kana yawan sauya gida, ɗauki bugu na tawadar garin launi a takardar auduga, adadi kaɗan, sa hannun fensir, ka ware kuɗin firam tun farko.

In abin da za ka bar wa 'ya'ya kake nema kuma aljihu zai ɗauka, fentin mai ne, daga mai zanen da ka ga aikinsa na shekara goma baya ka tabbatar bai tsage ba.

In zafin titi kake so a ɗakinka, akirilik da feshi a kan katako ko ƙyalle mai kauri, wanda aka zana tsatsar ba a liƙa ta ba, ka rataye shi nesa da taga. Mai tarkacen gaske sai wanda ya yarda zai ga abinsa na sauyawa a gabansa, kuma yana da halin kiran mai gyara.

In ginin naka ne, wurin cin abinci ko ofis ko zauren taro, kuma kana son mai shigowa ya tsaya, zanen bango ne, bayan magini ya duba danshi an kuma sa hannu a takarda.

In kuwa riba kake hange, babu ɗaya cikin huɗun da zan ba ka tabbaci a kansa. Yawancin ayyukan sababbin masu zane ba sa maido kuɗinsu in an zo sayarwa, musamman bayan an cire la'ada. Wanda ya fi kusa shi ne asalin zane mai cikakkun takardu, rasit da takardar shaida da jerin kayan aiki, daga mai zanen da aikinsa ya riga ya fara zagayawa a gwanjo.